Waɗanne tsirrai zan sa a ƙaramin tafkin lambuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haƙa ɗan tafki a lambun gidana, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1 da rabi, zurfinsa a tsakiya santimita 50. Na shimfiɗa masa leda mai kauri, na kuma bar dakali a gefe ɗaya wanda ruwa ya rufe da kamar santimita 15. Rana tana dukansa tun daga hantsi har la'asar. Mako uku da cika shi, ruwan ya koma kore shar. Wani abokina ya ce zai kawo mini kainuwa cikin bokiti in zuba, magana ta ƙare. Ni kuwa bado nake so, da 'yan kifaye, amma ina tsoron sauro. Me zan shuka, kuma guda nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka zo da awo, domin yawancin masu yi mini wannan tambaya sai su ce "ƙaramin tafki" su yi shiru, alhali ƙaramin wani babban wani ne. Da awon nan naka, fuskar ruwan murabba'in mita 3 ce, ruwan ciki kuma bai wuce lita 1000 ba idan aka cire gangaren gefe da dakali. Ka riƙe lambobin nan biyu, a kansu za mu ɗora komai.

Koren ruwan kada ya tayar maka da hankali. Da wuya sabon tafki ya tsallake wannan. Gansakuka ce, irin mai ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai sun taru. Abu biyu take nema: hasken rana, da abincin da ya narke a cikin ruwa, wato nitirojin da fosfaras. Tafkinka ya ba ta duka biyun, ga rana ta kusan awa takwas, ga ruwa tsirara babu inuwa, babu kuma wani tsiro da zai yi takarar abinci da ita. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya kwashe ruwan ya zuba sabo. Sabon ruwa da nasa sinadaran yake zuwa, bayan kwana goma sai ka ga an koma gidan jiya. Ka bar ruwan nan yadda yake. Tsirrai ne za su gyara shi, wasu su tare rana daga sama, wasu su cinye abincin daga ƙasa, har gansakuka ta rasa abin rayuwa.

Saboda haka idan ka tashi zaɓe, kada kyan fure ya zama ma'auninka na farko. Ka tambayi kowane tsiro abu uku: wane aiki zai yi a cikin ruwan, a wane zurfi yake rayuwa, sannan ina girmansa zai kai bayan shekara biyu. Ta ukun nan ita mutane ke mantawa. A shekarun da na yi ina wannan aiki, tsiron da ya mutu bai taɓa ɓata wa kowa tafki ba. An cire shi an sa wani. Wanda ya ji daɗin wurin fiye da kima, shi ne ke sa mai gida kuka.

Bari mu fara da wanda ba wanda ke yabonsa, wato tsiron da ke zaune a ƙarƙashin ruwa gaba ɗaya. Wanda na fi amincewa da shi shi ne wanda masana ke kira Ceratophyllum demersum. Ganyensa sirara ne kamar allura, a jere a kewayen kara, idan ka ɗago shi sai ya yi kama da jelar kyanwa da ta jiƙe. Ba shi da saiwa ko ɗaya, don haka ta jikinsa yake zuƙar abinci kai tsaye daga ruwa, daidai inda gansakuka ke ci. Yana rayuwa a kowace nahiya in ban da Antatika, yana jure zafi da sanyi da ƙarancin haske. Ba ya bukatar tukunya. Ka ɗaure dami biyar, kowanne da ɗan dutse, ka jefa. Idan ya yi yawa, hannu kawai za ka sa ka tsamo. Akwai kuma Vallisneria mai dogon ganye kamar zirin ƙyalle, shi yana son ƙasa a tukunya, kuma ya fi yin kyau a inda ruwa ke da ɗumi. Ɗaya daga cikin biyun ya ishe ka.

Masu sayarwa kan ce waɗannan tsirrai suna ba ruwa iskar oksijin, kuma gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Da rana suke bayarwa. Da dare su ma shaƙa suke yi, kamar kifi, kamar gansakuka. Ga shi kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai: lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas tana iya riƙe oksijin kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa sai ya sauko wajen 7 da rabi. Shi ya sa a tafkin da ya cushe da ciyayi, da asuba ne ake ganin kifaye sun taso sama suna buɗe baki. Kada tsiron ƙarƙashin ruwa ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na cikin tafkin.

To, ga badon da ranka ke so. Na goyi bayanka, domin babu tsiron da ke yin inuwa a kan ruwa cikin tsari kamarsa, kuma a wuri ɗaya yake zama, ba ya yawo da iska. Yana son rana ta awa biyar zuwa shida aƙalla kafin ya yi fure, kai kuwa kana da fiye da haka. Abin da ake nema shi ne ganye ya rufe rabin fuskar ruwa, ko ya ɗan haura zuwa kashi biyu cikin uku inda rana ke da zafi. A wurinka wannan yana nufin murabba'in mita 1 da rabi zuwa 2. Bado guda mai matsakaicin girma, wanda ganyensa ke bazuwa faɗin mita ɗaya da ɗan wani abu, ya kusa cika wannan shi kaɗai. In kuwa ka fi son launi biyu, sai ka sa ƙanana guda biyu. Uku ya yi yawa, ko da a ranar dashe za ka ga kamar wurin fayau yake.

Amma bado suna ne na dangi mai faɗi, kuma a nan ake yin ɓatan kai. Akwai Victoria amazonica na yankin kogin Amazon wanda ganyensa ɗaya kan kusa mita 3, ya fi tafkinka gaba ɗaya. Farin badon daji, Nymphaea lotus, wanda furensa ke buɗewa da dare ya rufe da hantsi, shi ma ya fi ƙarfin wurinka, cikin 'yan watanni zai shafe ruwan ganye kan ganye. A can ɗaya gefen akwai 'yan tsugul irin su Pygmaea Helvola, mai ruwan ɗorawa, furensa bai fi kan babban yatsa biyu ba, ganyensa da ɗigo-ɗigon ja mai duhu, ana ma iya renonsa a baho. Wani Bafaranshe mai suna Joseph Bory Latour-Marliac ne ya samar da shi. Mutumin nan ya buɗe gonar renon bado a 1875, ya yi ta auratayya tsakanin nau'o'i har ya fitar da masu launin ja da ɗorawa da ruwan hoda waɗanda ke jure sanyi. A baje kolin Paris na 1889 mai zanen nan Claude Monet ya ga furanninsa, daga baya ya saya ya dasa a tafkinsa na Giverny. Har yau da yawa daga cikin badon da ake sayarwa a ƙasashe masu sanyi daga hannunsa suka samo asali.

Wane za ka ɗauka ya danganta da yanayin inda kake. Idan ruwa na daskarewa a wurinku lokacin hunturu, sai mai jure sanyi, wanda ke zubar da ganye ya yi barci ya farka da bazara. Idan ƙasar zafi ce, badon ƙasashen zafi ya fi yawan fure da ƙamshi, kuma a cikinsu aka fi samun shuɗi. Sai dai yana son ruwan da ya haura digiri 21. Cikinsu akwai ƙarami mai shuɗi-shuɗi da ake kira Dauben, wanda ke da wata baiwa: a tsakiyar tsohon ganyensa yake fitar da jaririn tsiro, ka cire ka dasa. Ga hanyar bambance su ko babu fure: gefen ganyen mai jure sanyi sumul yake, na ƙasar zafi kuwa yawanci da haƙora ko lanƙwasa-lanƙwasa, kuma furensa a tsaye yake a kan kara sama da ruwa. Kada kuma a haɗa ka da Nelumbo a ce maka bado ne. Shi ganyensa sama yake tashi kamar laima, tushensa kuma rarrafe yake ya zagaye tafki cikin damina ɗaya.

Yadda aka dasa bado ya kai zaɓensa muhimmanci. Ka sami kwandon roba mai ƙananan huji, ko tukunya mai faɗi marar zurfi, ka shimfiɗa guntun buhun algarara a ciki. Ƙasa mai nauyi, mai ɗan yumɓu, ita ake so. Kada ka kusanto da taki, ko na dabba ko na zamani, ko baƙar ƙasar nan mai sauƙi da ake sa wa furannin tukunya. Ita tasowa sama take yi, takin kuma gansakuka ka yi wa liyafa. Idan badon ya nuna yunwa daga baya, akwai taki dunƙulalle mai narkewa a hankali da ake cusawa can cikin ƙasar tukunya a toshe ramin. Ka kwantar da tushen yadda idon tohon zai leƙo waje, kada ƙasa ta binne shi, sannan ka rufe saman da tsakuwa kaurin santimita biyu. Kada ka dulmiya shi ƙasan tafki nan take. Ka ɗora tukunyar a kan bulo yadda ruwa zai rufe ta da santimita 15 zuwa 20, in ganye ya kai sama ya bazu, sai ka cire bulo ɗaya, haka har ta sauka. Ƙananan nan kam a kan bulo za su dawwama, domin santimita 30 ita ce iyakarsu. Wani abu kuma: bado ba ya son ruwa mai motsi, ba ya son a riƙa watsa wa ganyensa ruwa. Idan za ka sa injin feshin ruwa, ka kai shi can ɗaya ƙarshen, ka rage masa ƙarfi. Kowane fure kwana uku zuwa huɗu yake yi ya nutse. Ka bi karan ka tsinke shi tare da ganyen da ya yi rawaya, kada su ruɓe a ciki.

Yanzu ga kyautar abokinka. Ka yi masa godiya, amma ka yi tunani kafin ka karɓa. Ba banza aka ce kainuwa dashen Allah ba: ba ta jiran kowa ya dasa ta, ba ta kuma jiran izini kafin ta haihu. Gaskiya tana da amfani, saiwarta mai kama da gashi tana zuƙe abinci da sauri, ruwa ya washe. Matsalarta ita ce uwa ta miƙa hannu ta haifi 'ya, 'yar ma ta miƙa nata, kafin wata biyu ba ka ganin ruwa. Daga nan haske ya daina isa ƙasa, tsiron ƙarƙashin ruwa ya mutu, iska ta daina shiga. Sannan tun da sauro kake tsoro, ka sani akwai wani jinsinsa da ake kira Mansonia wanda tsutsarsa ba ta tasowa sama shan iska kamar sauran. Saiwar kainuwa take hudawa ta shaƙa daga ciki, ta ɓuya a nan. Idan har kana so ka yi amfani da ita kafin badonka ya girma, ka lanƙwasa guntun tiyo ka haɗa bakinsa ya zama zobe mai yawo a kan ruwa, ka sa uku ko huɗu a ciki, duk wadda ta tsallake ka tsame ta. Da bado ya rufe rabin ruwa, ka sallame ta gaba ɗaya.

Wanda ba zan ba ka ko wannan sassauci a kansa ba shi ne mai furen nan ruwan shanshanbale da kumburarren kara, Eichhornia crassipes. Kyakkyawa ne, kuma kyan nan ne ya fitar da shi daga Kudancin Amurka ya zagaya da shi duniya. Idan ya sami ɗumi da abinci yakan ninka kansa cikin kamar mako biyu. Tun ƙarshen shekarun 1980 ya mamaye gaɓar Tafkin Biktoriya, ya toshe tashoshin jiragen ruwa ya hana masunta fita. Tarayyar Turai ta haramta sayar da shi a 2016. Haka Salvinia molesta, wata ciyawa mai yawo a kan ruwa 'yar asalin Barazil, ta yi wa Tafkin Kariba jim kaɗan bayan gina madatsarsa. Ingila kuma a 2014 ta hana sayar da tsirran ruwa biyar, cikinsu har da Azolla filiculoides da Myriophyllum aquaticum, waɗanda duk ta tafkunan ado suka kuɓuce. Dokar kowace ƙasa daban ce, ka duba ta taku. Ka kuma sa ido a kan Lemna, ɗan koren ganyen nan da bai kai kan ashana ba. Ba sayensa ake yi ba, maƙalewa yake a jikin wani tsiro ya shigo, kuma in ya shiga fitarsa sai an sha wuya. Duk abin da ka kawo, ka wanke shi ka ajiye a bokiti mako ɗaya ko biyu kafin ya shiga tafki.

Wannan ya fi zama dole ga wanda ya je ya ciro tsiro daga rafi ko fadama, abin da ni ba na ba da shawararsa. Ban da ƙwan matsattsaku da ƙwari, a yankunan da ake fama da ciwon tsargiya ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar a jikin irin waɗannan ganyaye suke laɓewa. Tafkin da yara za su riƙa tsoma hannu bai dace a yi masa wannan ganganci ba.

Dakalinka na santimita 15 shi ne wurin ado, nan masu tsayuwa da ƙafa cikin ruwa kai a sama suke zama. Iri uku a kwando uku, kada ka ƙara. Ɗaya mai tsayi a baya: ƙaramin jinsin Cyperus mai kai kamar laima ko kamar tuntu, tsayinsa bai wuce santimita 60 zuwa 90 ba. Ɗaya mai fure, kamar Pontederia cordata mai ganye kamar mashi da shuɗin fure, ko Iris laevigata, ko a ƙasar sanyi Caltha palustris mai ruwan ɗorawa. Na uku mai rarrafe wanda zai ɓoye bakin ledar daga rana, domin rana ce ke tsofar da leda. Bacopa monnieri yana wannan aiki da kyau a inda ake zafi, na'ana'ar ruwa kuma a ko'ina, in dai an tsare ta a tukunya.

Kacalla da manyan ciyayin gaɓa irin su Phragmites kuwa, ka bar su a inda Allah ya ajiye su. Ni kaina na taɓa yin wannan wauta a farkon koyona. Na sa kacalla guda a gefen wani tafki don ina son zangarniyarta, shekara ta zagayo ruwa ya fara raguwa ba dalili, na yi ta zargin rana. Da na ɗaga kwandon sai na tarar tushenta mai tsini ya fita ta huji ya bi ƙarƙashin duwatsu ya huda ledar wuri biyu. Sai da aka kwashe komai. In zangarniyar ce ta ba ka sha'awa, akwai ƙaramar 'yar'uwarta Typha minima da ba ta wuce santimita 60 zuwa 70 ba, ita ma a tukunya marar huji.

Batun kifi a taƙaice. Ka jira mako huɗu zuwa shida bayan dashe, tsirrai su kama tukuna. Jajayen kifin ado uku ko huɗu sun isa lita 1000, ko a ƙasar zafi 'yan ƙananan nan da ake kira gofi, masu cin tsutsar sauro babu ƙaƙƙautawa. Babban kifin adon nan da ake kira koi ba na tafkinka ba ne, yana son zurfin da ya haura mita ɗaya, ga tonon tukunya ga cin toho. Karfasa da tarwaɗa ma za su mai da lambun ruwan nan laka. Ka rage hannu wajen ba su abinci, domin duk abin da ya saura da duk abin da suka kasayar taki ne ga gansakuka. Sauro kuwa a lokacin zafi kwana bakwai zuwa goma yake yi daga ƙwai zuwa tashi, don haka makonnin nan kafin kifi su shigo su ne na haɗari. A wannan tsakani ka yi amfani da maganin Bti, wata ƙwayar bakteriya ce da ke kashe tsutsar sauro ba ta taɓa kifi ko kwaɗo ko tsiro. Daga baya mazari zai zo da kansa ya yi ƙwai a jikin karan Cyperus, 'ya'yansa kuma mafarautan tsutsa ne na gaske. Tsohuwar taya da gwangwanin da ke bayan ɗaki sun fi tafki mai rai haifar sauro.

Idan ruwa ya ragu, ruwan sama ya fi dacewa da ciko. In na famfo ne, ka tara shi a buɗaɗɗen mazubi kwana ɗaya ko biyu kilorin ya fita, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Duk mako ka tsame busasshen ganye. Bayan shekara biyu ko uku za ka ga ganyen badon ya fara cunkushewa yana ɗagowa sama, fure ya ragu. Lokacin rabawa ya yi ke nan. Ka fito da tukunyar, ka yanki ɓangaren tushe mai sabon ido da wuƙa mai kaifi, ka dasa a sabuwar ƙasa. Duk ciyawar da ka tsamo, ka tara ta a bakin tafki ta kwana, ƙananan halittun da ke ciki su rarrafa su koma ruwa, washegari ka shanya ta ta bushe ƙayau ka binne a lambu. Kada ko guntu ya shiga kwata ko rafi.

Ga abin da za ka nemo ke nan: dami biyar na Ceratophyllum, bado ɗaya matsakaici ko ƙanana biyu, kwando uku na dakali. Ka sa su duka a mako ɗaya, a farkon lokacin da tsirrai ke toho a wurinku. Ruwan zai ci gaba da zama kore na wasu makonni, wataƙila ma ya ƙara duhu kafin ya saki, sannan wata safiya ka leƙa ka hango tsakuwar da ke kan tukunyar badon. Tun da kuma ka ce a gida ne, in akwai ƙananan yara ka sa wa tafkin shinge ko ragar ƙarfe mai ƙarfi tun kafin ganye ya rufe ruwan, domin yaro yakan ɗauki shimfiɗar ganyen bado tamkar ƙasa ce ya taka.